Kafin Ka Je Banki, Sunan Shagon Na Wane Ne?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, ina sayar da atamfa da shadda. Mu huɗu, uwa ɗaya uba ɗaya, muka buɗe shagon shekara 16 da suka wuce, muka sa masa sunan mahaifinmu. Allah ya yi wa ɗaya daga cikinmu rasuwa, ya bar mata da 'ya'ya uku. Yayanmu ya koma noma shekara bakwai ke nan, ɗayan kuma ya kama aikin gwamnati, sai ƙannenmu biyu da mijin ƙanwarmu suka shigo suna taya ni. Ba mu taɓa rubuta komai a tsakaninmu ba, domin mun yarda da juna. Yanzu kaya da kuɗi sun kai kimanin naira miliyan 80. Ina so in yi wa sunan shagon rajista da sunana, in ci bashin miliyan 50, in fara shigo da kaya da kaina daga Sin, don an ce riba na iya ninkawa cikin shekara ɗaya. Wane banki zan nufa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ba zan ambata maka sunan banki ko ɗaya ba, domin a cikin wasiƙarka akwai jimla guda da ta fi maganar bashin nauyi, kuma ka wuce ta da sauri kamar abin yabo ce: ba ku taɓa rubuta komai a tsakaninku ba. Kana shirin ɗora bashin miliyan 50 a kan dukiyar da kai kanka ba za ka iya faɗin nawa ne naka a ciki ba, sannan ka ɗauki sunan da mutum huɗu suka gina ka kai Hukumar Rajistar Kamfanoni da sunanka kai kaɗai. Ranar da yayanka ya ji labarin nan a bakin wani, zumuncinku ya shiga halin da ba lallai ya fita ba.

Bari in ba ka tarihin wasu 'yan'uwa mawaƙa na ƙasar Amurka, waɗanda ake kira Isley Brothers, domin na daɗe ina ba masu shagon gida labarinsu. Sana'arsu waƙa ce, irin wadda baƙaƙen fatar Amurka ke kira "soul", amma shigar mutane da fitarsu a ƙungiyar tamkar hoton shagonku ne.

Su ma huɗu suka fara, a yankin Cincinnati da ke jihar Ohio, a shekarun 1950: O'Kelly, Rudolph, Ronald da ƙaraminsu Vernon. Waƙoƙin coci suka fara rerawa tun suna yara, iyayensu na koya musu. Vernon ne ke jan baƙi, sai mota ta buge shi yana kan keke, ya rasu yana ɗan shekara 13. Rashin ya girgiza su har suka ajiye waƙar na wani lokaci, daga baya suka dawo su uku, Ronald ya karɓi jagorancin murya. A 1957 suka tafi birnin New York neman sa'a, a 1959 kuma suka fitar da waƙar "Shout" wadda ta sa aka san su. Waɗannan mutane ba su da ƙarancin basirar kasuwanci. Tun a 1964 suka kafa kamfanin faifai na kansu mai suna T-Neck, a lokacin da yawancin mawaƙa baƙaƙen fata ke aiki a ƙarƙashin kamfanonin wasu. Da abin bai kankama ba suka shiga kamfanin Motown, suka yi 'yan shekaru, sannan suka fita suka farfaɗo da T-Neck a 1969, suka fitar da "It's Your Thing" wadda ta ci Grammy, babbar lambar yabo ta mawaƙa a Amurka. Har shari'a suka yi da Motown a kan wanda ya mallaki wannan waƙa. Ka lura da kyau: idan da bare ne, sun san darajar takarda, sun san lauya, sun san kotu.

A 1973 ne ƙungiyar ta koma ta mutum shida, lokacin da ƙannensu biyu, Ernie da Marvin, da surukinsu Chris Jasper, wanda Rudolph ke auren yayarsa, suka zama cikakkun mambobi. Dama yaran sun yi shekaru suna kaɗa musu kayan kiɗa a bayan fage. Manya uku na rera waƙa, ƙanana uku na riƙe da jita da fiyano, kuma da hannunsu sosai a tsara waƙoƙin. Shekaru goma da suka biyo baya su ne lokacin da ƙungiyar ta fi ciniki a tarihinta. Amma kamfanin da aka kafa tun kafin zuwan yaran na manya ne. Zuwa 1984 ƙananan uku suka ɓalle suka kafa tasu ƙungiyar, Isley-Jasper-Isley, daga baya kuma Jasper ya kai ƙara kotu yana neman haƙƙinsa na kuɗin waƙoƙin da ya yi aiki a kansu. Alhaji, ƙannenka biyu da mijin ƙanwarka su ne waɗannan ukun. Ka ce suna "taya" ka. Yaran shago ne da za a sallama wata rana, ko ma'aikata ne masu albashi, ko abokan tarayya ne masu kaso a uwar kuɗi? Na tabbata idan na keɓe kowannensu na tambaye shi, amsa uku daban zan samu, kuma babu wadda za ta yi daidai da taka.

O'Kelly ya rasu a 1986. Rudolph ya bar dandalin waƙa a 1989 ya koma wa'azin coci, kamar yadda yayanka ya koma gona. Ernie da Marvin suka dawo a 1991, daga baya ciwon sukari ya tilasta wa Marvin barin aiki, ya rasu a 2010. Ronald ne ya riƙe sunan yana yawo da shi duk tsawon wannan lokaci, kamar yadda kake riƙe da makullin shago. A 2006 kotu ta yanke masa ɗaurin wata 37 saboda ƙin biyan haraji, aka kuma umarce shi ya biya fiye da dala miliyan 3, wanda ke nuna maka cewa yawan ciniki ba ya gyara littafin da ba a kula da shi ba. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne na ƙarshe. Ronald ya yi wa sunan ƙungiyar rajista a matsayin alamar kasuwanci da sunansa shi kaɗai, sai Rudolph ya maka shi a kotu a watan Maris na 2023, yana cewa rabin sunan nasa ne. Hujjar ɓangaren Ronald ita ce Rudolph ya daɗe da barin waƙa. Hujjar Rudolph ita ce barin dandali bai sa ya bar mallaka ba. Dattawa biyu, kowanne ya haura shekara 80, waɗanda suka binne ƙaninsu tare suna yara, suna magana ta bakin lauyoyi. Rudolph ya rasu a watan Oktoba na 2023, watanni kaɗan bayan shigar da ƙarar.

Wannan rajista da Ronald ya yi ita ce irin wadda kake shirin yi.

Na ga irin wannan da idona a gida. Wasu 'yan'uwa masu sayar da hatsi sun taɓa kirana sasanci bayan rasuwar babbansu. Muka zauna a zauren gidansu bayan la'asar, aka kawo abin da suke kira littafin shago: wani tsohon littafin makaranta ne da mai ya jiƙa gefensa, an rubuta bashin kwastomomi buhu-buhu har da ranar karɓa, amma babu layi ɗaya da ya nuna nawa kowane ɗan'uwa ya zuba. Matar mamacin tana daga bayan labule tana cewa mijinta ya sayar da filinsa ya sa a jari, ƙanin yana rantsuwa cewa an mayar masa da kuɗin lokacin aikin Hajjinsa. Babu maƙaryaci a cikinsu a ganina, kowa abin da ya tuna yake faɗa. Shagon ya rufe kafin a gama rabon, kuma 'ya'yansu ba sa gaisawa har yau.

A naka shagon akwai abin da ya fi wannan tsanani, wato dukiyar marayu. Kason marigayi ya zama gado tun ranar da ya rasu, kuma kana juya shi ba tare da ka san adadinsa ba. Idan a farko kun zuba daidai wa daida, to a cikin miliyan 80 ɗin nan wajen miliyan 20 na iya zama na magadansa, kafin a zo maganar ladan waɗanda suka tsaya a shago da waɗanda suka tafi. Idan aka ware na yayanka da na ma'aikacin gwamnati, abin da za ka iya kira naka ba tare da gardama ba yana iya zama bai kai rabin bashin da kake nema ba. Da wace dukiya za ka yi jingina? Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu, kuma ba ta ware 'yan uwa ɗaya ba.

Maganar ninka riba cikin shekara kuwa, ka bar ta a inda ka ji ta. Wanda ya gaya maka bai lissafa maka tashin dala tsakanin ranar da ka biya da ranar da kaya suka iso ba, bai lissafa kuɗin kwastan da na dako daga tashar jirgin ruwa zuwa Kano ba, balle ruwan da banki zai ɗora maka kowane wata ko kaya sun fita ko suna jibge. Ba na hana ka shigo da kaya har abada, amma ba bana ba, kuma ba da kuɗin da ba a tantance masu shi ba.

Ka rufe shago kwana biyu a ƙirga kowace dila da kowane yadi, a haɗa da kuɗin banki da bashin da ake bin ku da wanda kuke bi. Sannan ka tafi gonar yayanka da ƙafarka, kada ka aika saƙon waya, ka gaya masa niyyarka kafin kowa ya riga ka. Ku zauna dukkanku, da wakilin marayu, da malamin da ya san rabon gado, da lauya. A rubuta kason kowa, a rubuta ko wanda ya bar shago yana ci gaba da cin riba ko za a biya shi ya fita, da yadda za a ƙiyasta abin da za a biya shi. A yanke wa ƙannenka da surukinka matsayi a fili, ko albashi ko kaso, domin mutumin da ya yi shekaru yana ɗaga dila bai san makomarsa ba, shi ne zai buɗe shago a layinku da kwastomominka. A kuma rubuta wanda ke da ikon amfani da sunan mahaifinku idan kun rabu. Bayan haka sai a yi rajistar kamfani mai hannun jari, sunan kowa da adadin hannunsa a takarda. Idan kun kammala, ka sake rubuto mini da ainihin adadin kasonka, sai mu duba ko akwai bashin da zai iya ɗauka.