Filin Tambaya: Dira da keke a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi keken hawa duwatsu na gwanjo, mai shokozoba a gaba kawai. Akwai wani dakalin siminti a unguwarmu, tsayinsa ya kai ƙuguna, daga kansa nake dirowa kan kwalta. Sau biyu tayar baya tana yin faci, wilin ya fara lanƙwashewa, wuyan hannuna kuma yana ciwo. Turawan da nake gani a bidiyo suna dirowa daga inda ya fi wannan tsayi sau uku, ba abin da ke samunsu. Kekena ne ba shi da kyau, ko ni ne ban iya ba? Daga wani mai karatu a Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kafin ka ɗora wa keken laifi, sake kallon bidiyon nan, amma wannan karon ka dubi inda suke sauka. Kusan dukkansu a kan gangare suke dira. Wanda ya sauka a gangare, ƙasar tana gudu tare da shi, sai nauyin ya zame ya zama gudu. Kai kuwa kwalta a shimfiɗe take jiranka, duk abin da ka zo da shi daga sama sai ta mayar maka nan take. Ko a Amurka, inda wasan ya samo asali a tsaunukan Kalifoniya a shekarun 1970, masu gina hanyoyin keke sukan yi wa yawancin wuraren tsalle gangaren sauka saboda wannan dalili.

Ga ɗan lissafi. Wanda ya faɗo daga tsayin mita 1 yana isa ƙasa da gudun kusan kilomita 16 a awa. Idan jikinsa a sandare yake, taya da shokozoba kaɗai suka lotsa, a ce santimita 10, bugun zai kai kamar nauyinsa sau 11. Idan kuwa ya bi da gwiwoyi da hannuwa har santimita 50, sai ya koma kamar sau 3. Ka taɓa tsayawa inda ake sauke kankana daga mota? Mai cafewa ba ya tare ta da sandararrun hannuwa, yana miƙa su ne ya tarye ta, sannan ya bi ta ƙasa. Haka za ka yi da kekenka. Kana sama ka miƙe ƙafafu kaɗan, taya na taɓa ƙasa ka nutse, gwiwar ƙafa da ta hannu su lanƙwashe tare. Tunda kekenka ba shi da shokozoba a baya, cinyoyinka ne shokozobar.

Wannan nutsewar ba za ta yiwu ba in sirdi na sama. Sauke shi har ƙasa kafin ka fara. Fedoji su daidaita, ɗaya gaba ɗaya baya, dunduniya ta ɗan yi ƙasa, ido kuma a can gaba inda za ka bi.

Sai batun wace taya za ta riga. A gangare ana son keken ya yi daidai da kwanciyar ƙasar, tayoyin su sauka tare. A shimfiɗe ma tare ɗin ya yi, ko kuma ta baya ta riga da ɗan kaɗan. Masu hawa katanga da keke irin su Danny MacAskill na Sikotlan sukan sauko da tayar baya sosai idan ba gudu suke ba, su sauke ta gaba a hankali. Wannan aikin shekaru ne. In kai ka ɗaga gaban da yawa, ko dai ka kifa ta baya, ko tayar gaban ta maku da ƙasa da ƙarfi, ina kuma zaton daga nan ciwon wuyan hannunka ya fito. Abin da ba a so ko kusa shi ne ta gaba ta riga. Yana faruwa ne idan ka zo bakin dakalin a hankali saboda tsoro. Zo da ɗan gudu, kana isa baki ka tura kan keken gaba, ƙugunka ya ja baya, don tayar gaba ta tsaya a sama har ta baya ta bar dakalin.

Kuma ka raba yatsunka da birkin gaba. Ni nan na taɓa matse shi ina sama, don tsoro kawai, a wani kwalbati da bai kai gwiwata ba. Ban san lokacin da na bi ta saman keken ba. Wata guda da rabi ina cin tuwo da hagu, matata tana yi mini dariya.

Facin nan kuwa, ka ce wa mai faci ya nuna maka robar ciki. In ka ga huda biyu a jere kamar saran maciji, ba ƙusa ba ce, wili ne ya matse ta saboda iska ta yi kaɗan. Ƙara iska. Wilin ka kai wa mai gyara ya ɗaure wayoyinsa ya daidaita shi, ya kuma duba maka wajen waldar wuyan keken ko akwai tsagewa, don keken gwanjo ba ka san wahalar da ya sha ba kafin ya zo hannunka. In an ga tsagewa, tsalle ya ƙare da wannan keken.

A ganina dakalin nan ya yi maka tsayi yanzu. Koma gefen titi mai tsayin taƙi ɗaya, ka yi ta maimaitawa har sai ka daina jin ƙarar saukarka, sannan ka ƙara kaɗan. Ku da kuke Jos ma Allah ya hore muku duwatsu masu gangare, ka fita wajen duwatsun Shere ka nemi ƙarami wanda ƙasansa gangare ne. Hular kwano dole ce. Wuyan hannun kuma, in ya kumbura ko ya wuce mako yana ciwo, je asibiti a ɗauki hotonsa kafin ka sake hawa.