Amsa ga Kawu a Kano: waƙar farko ta Adele da yadda muke tarbiyyar yara a Landan

Assalamu alaikum Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Ka tambaya ko gaskiya ne Hausawan Landan suna barin 'ya'yansu mata su saurari waƙoƙin Turawa, har wata ta ce ita ma waƙa take so ta yi. Da gaskiya a maganar, amma sai an san matsayin waƙa a wurin mutanen nan kafin a yanke mana hukunci, kuma labarin mawaƙiyar Birtaniya Adele da waƙarta ta farko zai fi saurin bayyana shi.

An haifi Adele a unguwar Tottenham da ke Landan a shekarar 1988. Tana da shekara 16 mahaifiyarta ta matsa mata a kan ta bar Landan ta tafi jami'a a wani gari, ita kuwa ta ƙi, sai ta zauna ta rubuta waƙar yabon garinsu mai suna Hometown Glory. A lokacin ɗaliba ce a makarantar BRIT da ke Croydon, wadda ake koyar da waƙa da kiɗa da wasan kwaikwayo a cikinta kyauta, ta kuma gama a 2006. Wasu waƙoƙin gwaji da ta yi ne aka ɗora a shafin intanet na Myspace, kamfanin XL Recordings ya ji su ya ɗauke ta. Al'adar masu harkar waƙa a nan ita ce a fara sakin waƙa guda ita kaɗai domin a gwada kasuwa kafin a fitar da kundi, saboda haka a watan Oktoban 2007 aka buga Hometown Glory a faifan garmaho guda 500 kacal. Sai da kundinta mai suna 19 ya fito a Janairun 2008 ya karɓu, sannan aka sake sakin waƙar, ta kai matsayi na 19 a jadawalin waƙoƙin Birtaniya.

Mu mun taso mun tarar da kiɗan fada yawanci gado ne, makaɗi kuma yana da ubangidan da yake yi wa waƙa, kamar yadda Narambaɗa ya yi wa Sarkin Gobir na Isa, yayin da marubuta waƙa irin su Sa'adu Zungur da Aƙilu Aliyu ake lissafa su cikin masu ilimi. A nan sau da yawa mutum ɗaya ne yake haɗa biyun, shi ya rubuta, shi ya rera, kuma ba ya jiran kyautar kowa, domin duk lokacin da gidan rediyo ya sa waƙar akwai ƙungiyar PRS da take karɓo wa marubucin haƙƙinsa. Shi ya sa yarinyar da aka haifa a nan ba ta ganin waƙa a matsayin roƙo, sana'a take gani mai makaranta da takardar shaida.

Sannan a makarantun gwamnati da ke bin manhajar ƙasa, darasin kiɗa dole ne daga shekara 5 zuwa 14, kuma doka ba ta ba uba ikon cire ɗansa daga cikinsa ba kamar yadda ta ba shi a darasin addini. Ko mun toshe kunnen yaro a gida, ranar Litinin malamarsa za ta miƙa masa sarewa.

Mu kanmu ba bakinmu ɗaya ba. Akwai gidajen da suke bin fatawar haramcin kayan kiɗa, ba a kunna komai sai karatu da ƙasidu, kuma ba mai ganin laifinsu. Akwai waɗanda suka saki linzami gaba ɗaya, waɗannan kam ban ga dabararsu ba. Yawancin waɗanda nake hulɗa da su suna tsakiya, wato baitocin ake dubawa. Ranar Asabar a kan hanyar Islamiyya, idan yarinya ta kunna waƙa a mota, uwar takan rage sauti ta ce a faɗa mata abin da ake cewa, kuma da Hausa take son jin bayanin, ta yadda ko ba komai harshen ya motsa. Ita wannan waƙa ta Adele, muryarta ce da fiyano a gaba, ba rawa ba batsa, begen gari ne irin wanda kowane ɗan ci-rani ya sani, sai dai akwai kalmar ashar guda a cikinta wadda gidajen rediyo suke yankewa, mu ma ta rediyon muke yarda a saurara. A wajen biki da suna kuwa, idan an kama ɗakin taro, waƙoƙin Ali Jita da Nura M. Inuwa ne suke tashi, yaran da suka haddace Adele su ne kan gaba wajen liƙi.

Wadda ta ce tana son ta zama mawaƙiya ba a yi mata tsawa, domin tsawa a nan ɓoyewa take koya wa yaro. Ana nuna mata cewa ɗalibai da yawa sun gama makarantar BRIT ba a sake jin ɗuriyarsu ba, a sharɗanta mata gama jarrabawa tukuna, sannan a san da wa take zama da inda take zuwa. Batun hawa dandamali gaban maza kuwa, mafi yawanmu ba mu yarda da shi ba har yanzu, kuma shi ne muka fi yin gardama a kansa da 'ya'yanmu. A gaida Inna da mutanen gida.