Amsoshin Tambayoyinku: Wace Lambar Giya Ta Dace da Aksul ɗin Bayan Tsohuwar Motar Amurka?

Tambaya: Ina zaune a Houston, a jihar Texas, kuma na sayi Chevrolet Chevelle SS 396 ƙirar 1969 mai giyabos atomatik TH400. Giyar aksul ɗinta na baya 2.73 ce, kuma ina jin tana da nauyi wajen tashi. Abokaina sun ce in sa 4.10, amma nakan yi tafiyar Dallas da ita lokaci zuwa lokaci. Wacce zan saya?

Amsa: Malam, shawarata ita ce ka sayi 3.31, ka bar 4.10 ga masu tseren rubu'in mil, kuma zan shimfiɗa maka dalili domin ka iya yin lissafin da kanka.

Lambar da ake magana a kanta tana nuna sau nawa farfela, wato dogon sandan da yake kai juyi daga giyabos zuwa aksul, take juyawa kafin tayar baya ta yi juyi ɗaya. A cikin aksul akwai ƙaramar giya da farfela take juyawa, akwai kuma babbar giya mai siffar zobe da take juya tayoyi, kuma idan aka raba yawan haƙoran babbar da na ƙaramar sai lambar ta fito. Haƙora 41 da 15 su ne suke ba da 2.73 da ke motarka, 43 da 13 suna ba da 3.31, 41 da 10 kuma suna ba da 4.10. Duk lokacin da lambar ta ƙaru, ƙarfin da yake isa taya yana ƙaruwa, amma dole ne inji ya yi juyi mai yawa kafin motar ta ci tazara ɗaya, kamar dai mai keke da ya sa giyar hawan tudu a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya.

Inda abokanka suka yi gaskiya shi ne, tashi daga 2.73 zuwa 4.10 zai ƙara wa tayoyinka ƙarfin turi da kusan rabi, kuma za ka ji bambancin tun daga taka totur na farko. Abin da ba su lissafa maka ba shi ne babbar hanya. TH400 giya uku gare ta, kuma a ta ƙarshe farfela tana juyawa daidai da inji, ba ta da wata giyar da za ta sassauta masa. Ga yadda ake lissafin: ka ninka gudun motar a mil cikin awa da lambar aksul, ka sake ninkawa da 336, sannan ka raba da tsayin taya a inci. Idan tayarka inci 26 ce, kana gudun mil 70, wato kimanin kilomita 113 a awa, injinka zai riƙa juyi kusan 2,470 a minti da 2.73, kusan 2,990 da 3.31, kusan 3,370 da 3.73, da kusan 3,710 da 4.10. A zahiri ma zai ɗan haura haka, domin atomatik irin ta wancan zamani tana ɗan zamewa. Tsakanin Houston da Dallas akwai mil wajen 240 a kan Interstate 45, kuma riƙe babban inji irin 396 a juyi 3,700 na tsawon awa uku da rabi a zafin Texas yana nufin ƙara mai toshe kunne, da shan mai fiye da kima, da lagireto mai aiki a bakin iyakar ƙarfinsa. Ni dai ba zan yi wa inji mai shekara sama da 50 wannan ba.

Injin 396 yana da ƙarfin ja tun daga ƙananan juyi, saboda haka ba ya buƙatar babbar lamba kafin ya nuna kansa. Da 3.31 za ka samu ƙarin turi na kusan kashi 21 cikin ɗari a kan abin da kake da shi yanzu, wanda ya isa ya kawar da nauyin da kake kuka da shi, kuma motar za ta ci gaba da zama abar tafiya. Shawarar za ta sauya ne kawai idan kana da niyyar sa giyabos mai giya ta huɗu ta sauƙaƙa wa inji, irin 700R4, wadda giyarta ta ƙarshe 0.70 ce. A nan 3.73 ce zaɓi, domin a babbar hanya za ta koma tamkar 2.61, injin ya sauko wajen juyi 2,360. Ka yanke hukunci a kan giyabos tukuna kafin ka taɓa aksul, don kada ka biya kuɗin aiki sau biyu.

Akwai kuɗin da ya kamata ka sani tun yanzu. Idan aksul ɗinka shi ne mai kusoshi 12 a murfinsa na kamfanin GM, mai ƙera Chevrolet, mazaunin da babbar giyar 2.73 take ɗaure a kansa ba zai karɓi 3.31 kai tsaye ba, domin kowane rukunin giyoyi da mazaunin da ya dace da shi, sai an sayi mazauni na rukunin lamba uku, wato wanda yake ɗaukar giyoyi irin 3.31. Tun da za a canja shi, ka sayi irin Positraction, wanda yake raba ƙarfi ga tayoyin biyu, domin ƙarin turi ba shi da amfani idan taya ɗaya ce take juyawa a wuri guda tana hayaƙi. Haka kuma malejinka zai riƙa nuna gudu fiye da na gaskiya, sai an canja ƙaramar giyarsa da ke jikin giyabos.

Kafin ka sayi komai, ka tabbatar 2.73 ɗin ce a ciki, saboda mota mai waɗannan shekaru ta bi hannaye da yawa. Ka ɗaga bayanta da jak, ka kafa mata matokarai masu ƙarfi, ka sa alamar alli a farfela da taya. Idan ka juya taya ɗaya da hannu ka ga tayoyin biyu suna juyawa gefe guda, ka juya taya sau ɗaya ka ƙirga juyin farfela. Idan ɗayar tana juyawa baya, a riƙe ta, ka juya ɗayar sau biyu, kuma abin da farfela ta yi shi ne lambarka.

Tambaya: Ford Mustang ɗina ƙirar 1969 tana da giyar hannu huɗu, Toploader mai giyoyi kusa da juna, da aksul 3.00. Sai na daɗe a kan kuloci kafin ta tashi, har ina jin ƙaurinsa. Aksul ne matsalar?

Amsa: Akwai alamar haka ƙwarai. Giya ta ɗaya a irin wannan Toploader 2.32 ce, kuma idan ka ninka ta da 3.00 za ka samu 6.96, alhali masu wannan sana'a sun fi son sakamakon ya kusanci 9 ko 10 domin mota ta tashi ba tare da an wahalar da kuloci ba. Da 3.50 za ka samu 8.12, da 3.89 kuma 9.02. Idan yawancin yawonka na cikin gari ne ka ɗauki 3.89, idan kuwa kana hawa babbar hanya 3.50 ta fi, domin a mil 70 za ta tsaya wajen juyi 3,170 da taya mai inci 26. Idan aksul ɗinka na Ford ne mai babbar giya mai faɗin inci 9, ka yi sa'a, saboda tsakiyarsa tana fitowa ɗungurungum ta gaba, har wasu sukan ajiye biyu, ɗaya ta tafiya, ɗaya ta filin tsere.

Tambaya: An sa mini sababbin giyoyin aksul, yanzu suna kuka idan na saki totur. Za su daina?

Amsa: Da wuya su daina da kansu, kuma ka mayar da motar wurin bakaniken da ya yi aikin ba tare da jinkiri ba. Irin wannan kuka yawanci yana zuwa ne daga rashin saita zurfin ƙaramar giya, ko matsin boris ɗinta, ko ratar da ke tsakanin haƙora, wadda ake aunawa da kason dubu na inci. Ka nemi ya shafa wa haƙoran fentin gwaji ya nuna maka inda suke haɗuwa, domin sawun ya kamata ya zauna a tsakiyar haƙori. Da zarar haƙoran sun ci juna a karkace, saiti ba ya ƙara gyara su. Bayan an daidaita, ka bi su a hankali na mil 500 na farko, kana barin aksul ya huce tsakanin gajerun tafiye-tafiye, sannan ka zubar da man giyar ka zuba sabo, tare da sinadarin da ake ƙara wa Positraction idan ita ce a motarka.