Kirista zai iya shiga 'yan sintiri?

Ɗan'uwa, kana tambaya ko Kirista zai iya shiga 'yan sintiri ya tsare ƙauyensu a Kudancin Kaduna, alhali Matiyu 5:39 ta ce a juya ɗaya kuncin. Zai iya. Mari cin mutunci ne da ya shafe ka kai kaɗai, ayar ba ta hana ka tsayawa tsakanin mahari da yara ba. Sai dai Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda ta faro a Garkida a 1923, tana koyar da ƙin ɗaukar makami, kuma masu wannan ra'ayi suna kafa hujja da Matiyu 26:52, inda Yesu ya ce duk wanda ya zare takobi, takobi ne ajalinsa. Wanda ya tsaya a kan haka kada a kira shi matsoraci. Ya riƙe usur da tocila da waya, ya kwashe tsofaffi, ya yi jinyar masu rauni.

Ga wanda zai shiga, sharaɗin shi ne abubuwa uku da Toma Akwinas, wani malamin tauhidin Kirista na dā, ya tsara game da yaƙin da ya halatta: izinin hukuma, dalili na adalci, da kyakkyawar niyya. A aikace, hakimi da 'yan sanda su san sunayenku, gadi ya tsaya a iyakar gari, wanda kuka kama ku miƙa shi da ransa. Inda abin ke lalacewa shi ne bayan jana'iza, lokacin da matasa suka tashi cikin fushi suka ƙone rugar da ba ta san hawa ba balle sauka, ko suka tare hanya suka kashe matafiya. Wannan ramuwar gayya ce, Romawa 12:19 ta hana ta, kuma ita ke jawo hari na gaba.