Sai na sayar da filin gado kafin in yi fim ɗin hasashen goben Afirka?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Na daɗe ina aikin tace hoto a wani situdiyo, kuma ina da labarin da nake so in mayar da shi fim. Labarin wasu masu gyaran waya ne a wani gari nan da shekara 60, waɗanda suka gano cewa waƙa tana iya rikita na'urorin wani kamfanin waje da ya mallake ma'adinan ƙasarsu. Tun da na kalli fim ɗin Neptune Frost, wanda aka yi a kan masu haƙar ma'adini da masu kutsen kwamfuta, na kasa sukuni. Wani da ya ce shi mashawarci ne kan harkar fim ya shaida mini cewa irin wannan aiki ba ya yiwuwa sai da siddabarun kwamfuta irin na Black Panther, kuma idan na biya shi zai haɗa ni da masu yi, ya samo mini tallafi daga Turai, har da lambar yabo. Kuɗin da ya yanka mini ba zan same su ba sai na sayar da filin da na gada. Mahaifiyata ba ta amince ba, ni kuma ina tsoron kada dama ta wuce ni. Me ka gani?

AMSA

Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka sayar da filin nan, kuma kada ka ba mutumin nan ko kwabo. A wannan magana mahaifiyarka ta fi mashawarcinka gaskiya, ko da kuwa ba ta taɓa zuwa lokeshan ba. Tunda kai ɗan hannu ne a aikin tace hoto, ba sai na tsaya yi maka bayanin yadda ake haɗa fim ba, gara in tafi kai tsaye kan kuskuren da aka ɗora ka a kai, domin shi ne nake ta fama da shi a bakin matasa kusan kullum.

Kuskuren shi ne ɗaukar cewa fim ɗin hasashen goben Afirka yana nufin dogayen gine-gine masu walƙiya da jirage masu shawagi da jarumi mai zane a fuska. Wannan hoto daga Black Panther aka samo shi, fim ɗin da kamfanin Marvel ya fitar a 2018 bayan an kashe masa kimanin dala miliyan 200. Ba na kushe shi, ya yi abin da aka shirya shi domin ya yi, wato cika gidajen sinima a duniya. Amma wanda ya ce maka daga nan wannan fanni ya faro, ko dai bai sani ba, ko kuma yana da abin da yake son sayar maka.

A 1974 aka saki Space Is the Place, inda mawaƙin Amurka Sun Ra ya sauka a birnin Okland cikin wani jirgin sama jannati da kiɗa ke tuƙa shi, yana neman baƙaƙen fatar da zai kwashe zuwa wata duniya. Duk wanda ya kalli jirgin nan ya san da hannu aka harhaɗa shi, kuma hakan bai hana ana koyar da fim ɗin a jami'o'i har yau ba. A 1996 John Akomfrah, haifaffen Akara mazaunin Ingila, ya yi The Last Angel of History mai tsawon minti 45, wanda kusan dukkansa hira ce da makaɗa da marubuta, sai tsofaffin hotuna, sai wani mutum da ya zo daga zamani mai zuwa yana tonon ɓaraguzan tarihi. A 2014 Nuotama Bodomo ta Gana ta yi Afronauts, gajeren fim marar launi, a kan labarin gaskiya na Edward Nkoloso, malamin kimiyya ɗan Zambiya da ya yi shelar zai riga Amurka da Rasha zuwa duniyar wata a shekarar da ƙasarsa ta sami 'yanci, 1964, yana horar da yaransa ta hanyar gangaro da su daga tudu a cikin duro. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya dogara da siddabaru mai tsada.

Koma ma kan Neptune Frost ɗin da ya tayar maka da hankali, ka tambayi kanka abin da idonka ya gani a zahiri. Saul Williams da Anisia Uzeyman suka ba da umarni, ita Uzeyman ɗin ce kuma ta riƙe kyamara. An ɗauke shi a Ruwanda, labarin yana faruwa a Burundi, an fara nuna shi a bikin fina-finai na Kan ta Faransa a 2021. Tun a farkon fim ɗin wani mai gadi ya kashe wani lebura a ramin koltan, ma'adinin da ake amfani da shi a wayoyi, saboda ya tsaya yana kallon dutsen da ke hannunsa, sai sauran leburori suka amsa da ganguna. Makaɗan nan 'yan Burundi ne da rikicin 2015 ya koro zuwa Ruwanda. Ƙauyen da masu kutsen kwamfuta suka fake a ciki da matattun kayan lantarki aka gina shi, rigar jarumin kuwa maɓallan allon rubutun kwamfuta ne aka jera a jikinta ɗaya bayan ɗaya, aikin wani matashi ɗan Ruwanda, Cedric Mizero. Sauran fitila ce mai launi da fenti mai haske a duhu da wayoyi da aka kitsa a gashi. Akwai ɗan siddabaru nan da can, amma da za a cire shi fim ɗin yana nan daram, alhali da za a cire gangunan da waƙoƙin babu abin da zai rage. Hasali ma waƙoƙin sun riga fim ɗin zuwa duniya, domin Williams ya fitar da faifan MartyrLoserKing tun 2016. Irin kayan da aka yi wannan ado da su suna nan jibge a wajen 'yan gwangwan da bayan rumfunan masu gyaran waya, a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba.

Na san yadda ake ƙarewa idan aka bi shawarar irin mutuminka, domin ana yawan kawo mini sakamakon in duba. Kuɗin duk suna tafiya a minti 3 na farko, inda ake nuna birni daga sama. Daga nan sai a shiga ɗaki a rataya koren ƙyallen da ake maye gurbinsa da wani hoto a kwamfuta, wanda ko guga bai sha ba, a haska shi da fitila ɗaya, sai ka ga gefen hular jarumi ya yi kore-kore, ƙafarsa kuma ba ta taɓa ƙasa ba, yana reto a kan titin da babu inuwarsa. Sauti kuwa an bar shi ga makirfon kyamara, ana jin janareton maƙwabta fiye da maganar 'yan wasa. Kafin a kai rabin labari aljihu ya bushe, mai siddabarun ya daina ɗaukar waya, fim ɗin ya mutu a cikin kwamfuta. Ɗan kallon da kake son burgewa kuwa yana da fina-finan Amurka da Indiya da Sin a wayarsa, ya san siddabaru mai kyau, kuma ba zai yi maka uzuri don kai ɗan gida ne ba.

Batun tallafi da lambar yabo shi ya fi ɓata mini rai. Cibiyoyin da ke tallafa wa irin wannan aiki sanannu ne, kamar asusun Hubert Bals na bikin fina-finai na Rotadam da asusun fina-finan duniya na bikin Balin. Sharuɗɗansu a rubuce suke a shafukansu na intanet, darakta ko furodusa ne ke nema, kwamiti ne ke zaɓa bayan ya karanta labari ya kalli aikin da mutum ya taɓa yi, kuma waɗanda ake ba kaɗan ne ƙwarai cikin masu nema. Saboda haka babu mahalukin da zai iya yi maka alkawarin samu, wanda duk ya yi maka kuwa ya yi maka ƙarya tun kafin a je ko'ina. Lambar yabon da yake faɗa ma na san irinta. Akwai bukukuwan bogi birjik a intanet da ke karɓar kuɗin shiga kowane wata, ba su da zauren nuna fim, ba su da 'yan kallo, kowa ya biya sai a aiko masa da hoton ganye biyu, wato tambarin lambar yabo, ya manna a fasta. Bukukuwan gaskiya ma da yawansu suna karɓar kuɗin rajista, bambancin shi ne suna da wuri da rana da jerin fina-finan da suka nuna a baya, kamar FESPACO da ake yi a Wagadugu tun 1969. Abin takaici shi ne masu wannan sana'a sun gane cewa matashi mai buri ba ya son a ce masa ya yi haƙuri, sai suke sayar masa da gaggawa, su kira taron bita a otal, su raba takardar shaida mai tambarin zinare, su tafi da abin da iyaye suka tara shekara da shekaru. Wannan cin amana ne, kuma Allah zai tambaye su.

Labarinka yana da ƙashi, kuma ƙashin nan waƙa ce, don haka daga situdiyon sauti za ka fara. Mun saba a fina-finanmu a yi waƙa daban, a je a yi mamin a lambu, a cusa ta inda aka ga sarari. A irin fim ɗin da kake nufi waƙa ce ke ɗauke da hujja, ita ce makamin mutanenka, saboda haka dole ɗan kallo ya ji dalilin da zai sa na'ura ta rikice idan an rera ta. Ka ɗauki rakoda ka zauna a rumfar mai gyaran waya, ka naɗi hucin na'urar narka dalma da ƙarar waya in ta kama caji da hayaniyar masu ciniki, ka kai wa makaɗin da ya iya kalangu ko gurmi ku ga abin da zai fito. Wannan haɗi ba baƙo ba ne a wajenmu. Mamman Sani na Nijar ya naɗi kiɗan ogan na lantarki tun 1978, jama'a suka yi shekaru suna jin sa a rediyo da talabijin na ƙasar, kafin a sake fitar da shi a waje a 2013. Kuma ku rubuta yarjejeniya da mawaƙin tun ranar farko a kan wanda ya mallaki waƙar, domin babu mai tallafi ko mai rarraba fim da zai taɓa aikin da haƙƙin kiɗansa ke cikin rigima.

Inda nake ganin rauni a labarin shi ne kamfanin wajen da ka bari ba fuska ba tarihi. Fina-finan nan suna da nauyi ne saboda sun san ramin da suke magana a kai. Koltan haɗin kolumbait ne da tantalait, daga gare shi ake fitar da ƙarfen da ke cikin ƙananan ma'ajiyar wuta na waya da kwamfuta, kuma har gobe ana zubar da jini a kansa a gabashin Kwango, inda 'yan tawayen M23 suka kama garin Rubaya mai ma'adinin a 2024. Kai ma kana da naka ramin. A tsaunukan Jos Turawa suka haƙi kuza shekara da shekaru, da Japan ta ƙwace Malaya mai arzikin kuza daga hannun Ingila a 1942 sai gwamnatin mulkin mallaka ta shiga kwaso mutane daga lardunan Arewa aikin tilas, sanyi da cuta suka kashe da yawa. A shekarun 1950 Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da kolumbait, kududdufan da aka bari kuma suna nan suna cin mutane. A Arlit ta Nijar an fara haƙar yuraniyom a 1971 domin tashoshin lantarkin Faransa, a ƙasar da har yanzu yawancin ƙauyukanta ba su da wuta. Ka je ka zauna da tsofaffin da iyayensu suka yi aikin kuza, za ka ji cewa Bature bai shiga ƙauye da kansa ya kamo kowa ba, ta hannun masu sarauta aka tara mutanen. Idan fim ɗinka bai nuna dillalin gida da ke sa hannu a takarda ba, rabin gaskiya ka faɗa.

Ka kuma lura cewa jigon Neptune Frost mata-maza ne, kuma akwai abubuwa a cikinsa da ba za su wuce hukumar tace fina-finai a nan ba, balle su sami karɓuwa a gidajenmu. Dabarar aikinsa nake ce maka ka ɗauka, labari kuwa kana da naka.

Ka yanko fage ɗaya daga labarin ka yi gajeren fim na minti 10 zuwa 15 da kuɗin da za ka iya asararsu ba tare da an yi zaman sulhu a gidanku ba. Pumzi na Wanuri Kahiu ta Kenya minti 21 ne kacal, kuma ya je bikin Sundance a 2010. Yaran Critics Company na Kaduna da waya mai fasasshen gilashi da ƙyallen da suka saya da kuɗin tarinsu suka fara, duniya ta san da su a 2019, kayan aiki daga Amurka kuma bayan an ga aikin suka iso. Ɗan siddabarun da fagen zai buƙata kai da kanka za ka iya koya, manhajar Blender kyauta ce. Shi kuwa mashawarcin, idan ya sake kira, ka ce ya ba ka sunayen fina-finai 3 da ya samo wa tallafi, da sunan asusun da ya bayar, da shekarar, sa'annan ka buɗe shafin asusun ka duba, domin suna wallafa sunan duk wanda suka ba.