An ga kuromosom ɗin Filadelfiya a ɓargon maigidana

Tambaya: Likita, maigidana shekararsa 46, an gano yana da sankarar jini mai saurin tsananta da ake kira ALL. Gwajin ɓargo ya nuna kuromosom ɗin Filadelfiya. Ke nan sai haƙuri? Yaranmu kuma za su gada?

Amsa: Hajiya, Allah ya ba maigida lafiya. Ki kwantar da hankalinki game da yara, wannan ba ciwon gado ba ne. Sauyin a cikin ƙwayoyin ɓargonsa kaɗai ya auku, ba da shi aka haife shi ba.

Ƙwayar halittar ɗan'adam tana ɗauke da kuromosom 46, wato ƙananan zaruruwan da ke riƙe da bayanan halittar jiki. A nan na 9 da na 22 ne suka karye suka yi musayar gutsure, sai aka samu haɗin BCR-ABL1, wanda ke hana fararen ƙwayoyin jini daina hayayyafa. A birnin Filadelfiya na Amurka Peter Nowell da David Hungerford suka fara ganinsa a 1960, Janet Rowley ta gano musayar a 1973. Kusan ɗaya cikin huɗu na manya masu ALL suna da shi, yana kuma ƙaruwa da shekaru.

A da, likita in ya ga wannan sakamako gabansa faɗuwa yake, don kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin sankara, shi kaɗai ba ya riƙe ciwon. Zuwan maganin imatinib a 2001, sannan dasatinib da ponatinib, ya sauya lissafin, domin ƙwayoyin sha ne da ke toshe BCR-ABL1 kai tsaye. Akan haɗa su da kemo ko blinatumomab, maganin da ke sa garkuwar jiki ta yaƙi sankarar, wasu kuma a yi musu dashen ɓargo. Ni yau musayar kuromosom na 4 da na 11, da ake gani a wasu masu ALL, ta fi ta Filadelfiya tayar mini da hankali, haka ma ƙwayar sankarar da kuromosom ɗinta suka ragu zuwa 30 zuwa 39.

Abin da zai fi nuna inda aka dosa shi ne gwajin ragowar ciwo, MRD, a watannin farko na magani. In BCR-ABL1 ya ɓace a gwajin PCR, wanda ke gano shi ko da ɗan kaɗan ya rage, alama ce mai kyau ƙwarai. In kuwa ya ƙi sauka ko ya dawo, ki roƙi likitansa ya duba wani sauyi da kan auku a cikin BCR-ABL1 mai suna T315I, wanda ba ya jin imatinib da dasatinib amma yana jin ponatinib. Kada maigida ya tsallake shan magani ko da ya ji ƙarfi a jikinsa.