Likita, Cacar Ƙwallo Ciwo Ce?

Tambayoyi uku a kan caca suka iso mini daga zangonnin Kumasi. Na sakaya sunayen masu su.

Tambaya: Likita, ni direban pragya (keke mai ƙafa uku) ne a Asawase. Abokaina na cewa betin ƙwallo ba caca ba ne, sanin ƙwallo ne. Da sidi 5 na fara, yanzu cinikin yini guda nake zubawa. Ran da aka cinye ni, ba na iya barci sai na sake sakawa. Lafiyata ƙalau kuwa?

Amsa: Ƙanena, na sha jin wannan magana ta abokanka. Mutumin da zai ji kunyar a gan shi a dabar 'yan karta, shi ne za ka tarar bayan sallar Isha ya duƙufa kan waya yana haɗa wasa goma a tikiti ɗaya, wai lissafi yake yi. To mu yi lissafin tare. Ko da kowane wasa rabi da rabi ne, damar ka ci goma a jere ɗaya ce cikin 1,024, kuma kamfani ya riga ya cire ribarsa tun kafin a buga ƙwallon.

Ran da tara suka shiga, ɗaya ta ɓata maka tikiti, sai ka ce saura ƙiris. Wannan "saura ƙiris" ɗin ne tarkon. Ƙwaƙwalwa na sakin dopamin, sinadarin da ke sa mutum ɗoki, tun lokacin jiran sakamako, kuma kusan ci yana zaburar da ita ta sake gwadawa. Abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarka shi ne bin kuɗin da ya tafi da wani kuɗin. Wannan babbar alamar jaraba ce, haka ma ƙara yawan abin da kake sakawa da rashin barci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta jera cutar caca tare da cututtukan jaraba a kundinta da ya fara aiki a 2022. Don haka a'a, wannan ba wasa ba ne, amma ana samun sauƙinsa.

Yau ɗin nan ka goge manhajar betin daga wayarka. Cinikin yini ya kwana a hannun mahaifiyarka ko yayanka, kada ya kwana a MoMo ɗinka, wato asusun kuɗinka na waya. Sannan ka je sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin Komfo Anokye. Zuwa can ba ya nufin ka haukace. Idan kuma bashi ya taɓa sa ka tunanin kashe kanka, kada ka jira gobe, ka faɗa wa wani a daren nan.

Tambaya: Maigidana ya cinye kuɗin adashina a loto da beti, ga bashi. Ya yi rantsuwa sau uku zai daina. In sayar da gwal ɗina in biya masa, don rufin asiri? Daga Aboabo.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah Ya ba ki haƙuri. Kada ki sayar. Duk bashin da aka biya masa a ɓoye, fili aka share masa ya ci sabo. Ba lallai ƙarya yake yi lokacin rantsuwar ba, jarabar ce ta fi ƙarfin alkawarinsa. Ki canja lambar sirrin MoMo ɗinki, kuɗin cefane da na makaranta su dawo hannunki. Ki sa babba guda da yake jin nauyinsa a maganar, ko limamin unguwa. Ya san ayar Suratul Ma'ida da ta haɗa giya da caca, abin da yake buƙata yanzu mai raka shi asibiti ne. A ci gaba da addu'a, a kuma je ganin likita.

Tambaya: Akwai ƙwayar da ke cire son caca? Ɗana mai shekara 16 nake nema wa.

Amsa: Hajiya, babu ƙwaya ɗaya da aka ware wa wannan. Maganin da ya fi aiki shi ne zama da masanin halayyar ɗan'adam, tare da kula da damuwa ko shaye-shaye in akwai. Kuma dokar Ghana ta hana ɗan ƙasa da shekara 18 caca, don haka ki bincika da katin shaidar wa da lambar wayar wa aka buɗe masa asusun. In wani shago ne ke karɓar kuɗinsa, ki kai ƙara Hukumar Kula da Caca ta Ghana, wadda dokar 2006 ta kafa.